Yaya Ta Sa Baƙar Riga

Duk gidansu Yaya ake ce mata, har uwar da ta haife ta. A bakin kotu kuwa Mai Inji aka san ta, saboda shagonta na buga takardu da ke cikin jerin shagunan da suka fuskanci ƙofar babbar kotu, tsakanin telan da ke ɗinka wa lauyoyi riguna da mai sayar da ruwan sanyi. Shagon ɗan tsukuku ne, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a rana. Injin kwafi biyu ne a ciki, babba da ƙarami, da kwamfuta mai dusasshen allo, sai janareta da take ɗaurewa da sarƙa a jikin ƙofa. Tun safe har la'asar hucin inji ke dukan fuskarta, tawada kuwa ta zauna a ƙarƙashin faratanta har ta daina wahalar da kanta wajen kankare ta.

Da wannan shagon ta yi lauya guda sukutum. Mahaifinsu ya rasu Auta yana ƙaramin aji a sakandare, ita kuma a lokacin ta ci jarrabawar shiga jami'a. Ta ninke takardar ta ajiye, ta kama sana'a. Da Auta ya girma ya ce shari'a zai karanta, Umma ta riƙe baki ta ce wannan ai karatun 'ya'yan masu hali ne. Yaya ta ce ai injin bai mutu ba. Haka ta yi ta ɗauka: kuɗin makaranta, kuɗin ɗaki, littattafai masu kaurin bulo, baƙar kwat, baƙin takalmi, har da hular gashin nan da lauyoyi ke ɗorawa, wadda Umma ta juya ta a hannu ta ce ko murfin tukunya ba za ta yi da ita ba. Ranar da aka rantsar da shi Yaya ta rufe shago, abin da ko ranar da ta fara naƙuda ba ta yi da wuri ba, ta tsaya can bayan zauren taron tana share hawaye da gefen mayafi.

Auta yana da kai, yana kuma da baki. Babban Lauyan da ofishinsa ya fi kowanne suna a garin ya ɗauke shi aiki, ba a jima ba ya ba shi 'yarsa. Daga nan Auta ya fara wucewa ta gaban shagon da gilashin mota a rufe. In tela ya ce, "Mai Inji, ba ƙaninki ne ya wuce ba?" sai ta ce, "Aiki ne ya yi masa yawa," ta ci gaba da jera takardu.

Sai mai jerin shagunan ya rasu, magada suka sayar wa wani kamfanin gine-gine. Raɗe-raɗi ya fara yawo cewa za a rushe wurin. Yaya ta je ofishin Auta, sakatariya ta ajiye ta a kujerar baƙi har ƙafarta ta yi sanyi. Da ya fito, a tsaye ya saurare ta.

"Kada ki damu, Yaya. Magana ce kawai ta mutane. Zan duba."

Bai faɗa mata cewa ofishinsu ne ke riƙe da aikin kamfanin ba.

Wata safiya tana cikin kwafe wa wani tsoho takardun fansho, sai ga ma'aikatan kotu da 'yan sanda da leburori. A gabansu Auta ne, cikin baƙar kwat, da takarda a hannu. Aka fara fito da kaya ana jibgewa a bakin titi. Leburori biyu suka ciccibo babban injinta, ɗaya ya yi tuntuɓe a dakali, injin ya sauka a gefensa. Ƙarar fashewar gilashinsa har cikin haƙoranta ta ji ta.

Ta ratsa mutane ta tsaya a gabansa. "Auta, kai ne?"

Bai kalle ta ba. Idonsa na kan manajan kamfanin da ke tsaye a inuwa. "Baiwar Allah, umarnin kotu ne. In kina da magana, ki nemi lauya."

Tela ya saki salati. Duk wanda ke wurin ya san ko wace ce ita a gare shi.

"In nemi lauya?" in ji Yaya. "To kai wa ya yi ka?"

Auta ya duba agogonsa, ya ce wa leburori su hanzarta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko motar kaya ta kwashe abin da ya saura ta kai gida, ta jera a ɗakin gaba. Da yamma Umma ta zo da maganar da ta fi fashewar gilashin zafi. Ta ce a yi haƙuri, yaro ne, surukinsa ne ya tura shi don ya gwada shi, abincinsa yake karewa. Yaya ta ce, "Ni kuma nawa abincin a kwata na tsince shi ko?" Washegari direban Auta ya kawo ambulan mai nauyi. Ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce ya mayar wa mai shi, ya ce masa baiwar Allah ta gode.

Mijinta malamin firamare ne, kowa Malam yake ce masa, mutum mai sanyi da ba'a. Yana zaune yana gyaran littattafan yara ta tsaya a kansa.

"Malam, makaranta zan koma."

"Wace makaranta?"

"Irin wadda na biya wa wancan."

Ya ajiye jan biro, ya dube ta daga sama har ƙasa. "Mutane suna karatun lauya don su ci abinci. Ke kuma na ga alama ƙaninki kike so ki ci ɗanye."

"Ba ɗanye ba," ta ce. "Sai na dafa shi."

Ya yi dariya, sannan ya ga ita ba ta yi ba.

Tsohuwar takardarta ta daɗe da mutuwa, dole ta sake zana jarrabawa tare da sa'o'in 'yarta. Ta samu shiga. Ranar farko malamin da ya shigo aji ya tambaye ta cikin ladabi ko ɗanta ta zo nema. Ajin ya ɗauki dariya, daga ranar sunanta ya koma Mama. Karatun bai san girma ba. Shari'o'in mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanta sai ta haddace su, da sunan wanda ya yi ƙara da abin da alƙali ya ce da dalilin da ya sa wani alƙalin ya ce ba haka ba. Ga kalmomin wani mataccen harshe da lauyoyi suka ƙi binnewa. Yaran ajin su karanta sau ɗaya su tafi yawo, ita ta karanta sau biyar, ta wayi gari kan ya zube kamar kwando. Tana girki tana bita, har tukwanenta duk suka yi baƙin gindi. Malam ya ce tun da aka fara karatun nan bai ƙara cin abincin da ba a yanke masa hukuncin ƙuna ba. Ƙaramin injin da ya tsira shi ke riƙe da ita, tana kwafe wa 'yan ajinsu takardu a ɗakin gaba, tana karanta shafin kafin ta miƙa wa mai shi.

A shekara ta uku aka zo darasin haya. Malamar ta yi bayanin cewa ɗan hayan da ke biya shekara-shekara ba a tashinsa sai an ba shi sanarwa a rubuce da isasshen wa'adi, kuma an kira shi kotu ya faɗi nasa. Yaya ta ɗaga hannu.

"Malama, in ba a ba shi sanarwar ba fa, aka zo aka watsar masa da kaya?"

"Sai ya koma kotu a rushe umarnin, ya nemi diyya. Amma fa da sauri, in lokaci ya ƙure shi ke nan. Wannan ai kowane ɗan aji uku ya san shi, Mama."

Lokaci ya riga ya ƙure. Kuma kowane ɗan aji uku ya sani. Ke nan ranar da Auta ya tsaya a ofishinsa ya ce magana ce kawai ta mutane, ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta tsirar da shagon, nata da na tela da na kowa. Littafin da ya koyi wannan a ciki ma ita ta saya masa. Ta fita daga ajin, ta shiga banɗaki ta dafa bango har jirin ya wuce. Daga ranar karatunta ya canza. Da tana yi ne don ta wuce jarrabawa, yanzu kuwa kamar mai wasa wuƙa take yi, a hankali, gefe da gefe.

Bayan digiri sai makarantar horar da lauyoyi, shekara guda a wani gari, kuma ita ce mai cin kuɗin gaske. 'Yan kunnenta na zinariya suka tafi. Ƙaramin injin ya bi su. Malam ya sayar da babur ɗinsa ya koma tafiya makaranta a ƙasa, yana cewa dama likita ya ce ya rage tumbi. Duk da haka ba ta kai ba, domin a shekarar ce babbar 'yarsu, wadda tun tana ƙarama ake tsokanarta da Likita, ta samu gurbin karatun likitanci. Aljihun gidan ba zai ɗauki biyu ba.

Yaya ta same ta a ɗaki tana ninke kaya. "Shekara ɗaya ce kawai za ki jira. Da na fito, komai zai daidaita."

Yarinyar ba ta ɗago ba. "Kin ba Kawu Auta naki karatun. Yanzu kuma kin karɓe nawa."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Allah ya ba da sa'a."

Da ta yi mata rashin kunya da ya fi sauƙi. Yaya ta tafi da wannan maganar a ƙirji, ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai tare da 'yan mata uku masu kiran samari a waya, ta yi karatu har idonta ya nemi tabarau. Sakamako ya fito, ta faɗi darasi ɗaya. Darasi ɗaya kuma a wannan makarantar daidai yake da duka.

Kwana biyu ba ta fita ƙofar gida ba. Malam ya ƙara ɗaukar yaran da yake koyarwa bayan an tashi makaranta, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe bana Likita za ta tafi, kuma ta tafi. Sai ga Umma da saƙo. Wai Auta ya ji labari, ya ce a gaya wa Yaya ta haƙura haka nan, ba kowane kai aka yi don shari'a ba, in tana so zai buɗe mata wani shagon.

Yaya ta tashi zaune. Ta ji wani ƙarfi ya shige ta wanda maganin asibiti bai taɓa ba ta ba. "Umma, ki ce masa na gode. Wallahi ya taimake ni."

Ta sake zama jarrabawar, ta ci. Ranar da aka rantsar da ita, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin hular gashin, Malam ya ce ita kaɗai ce a zauren hularta ta dace da kanta.

Sai dai baƙar riga ba ta zuwa da abinci a aljihu. Manyan ofisoshi suka dubi shekarunta suka ce za su neme ta. Wanda ya ɗauke ta wani tsohon lauya ne da ake wa laƙabi da Sai Gobe, saboda bai taɓa shiga kotu bai roƙi a ɗage zama ba. Ofishinsa na saman wani shagon taya, fanka ɗaya, ita ma sai an tura ta da sanda take tashi. Albashin da yake ba ta a wata bai kai abin da inji ke kawo mata a mako a da ba, kuɗin mota ke cinye rabinsa. Ita ke ɗaukar jaka, ita ke bin magatakarda, ita ke zaman jiran alƙalin da ba zai zo ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne tsarin zama. A kotu ba a duba wanda ya riga wani zuwa duniya, sai wanda ya riga wani sa riga. In Auta ya shigo, dole ta tashi daga bencin gaba ta koma baya. Yakan ɗan rusuna mata kai ya ce, "Barka, lauya," yana ƙamshin turare. Takan amsa, "Barka dai, babba," ta zauna tana kallon ƙeyarsa, ƙeyar da ta sha aske wa da reza yana yaro. Ba ta gaggawa. Ta san garin ba shi da faɗin da za su ƙare ba su haɗu ba.

Wata rana wata mata ta hawo ofishin da goyo a baya. Mijinta magini ne, ya faɗo daga hawa na huɗu a wani gini ya mutu, kamfanin kuma ya ce laifinsa ne, an ba shi igiyar ɗaure ƙugu ya ƙi sawa. Ko kuɗin likkafani ba su ba ta ba. Da ta faɗi sunan kamfanin, Yaya ta ajiye biro. Shi ne wanda ya rushe shagonta.

Sai Gobe ya girgiza kai bayan matar ta fita. "Waɗannan ba a kayar da su. Ofishin Babban Lauya ke tsaya musu. Za su ja ki har takalminki ya ƙare."

"Wa ke riƙe musu irin wannan a can?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kin san ko wane ne."

"Ni zan riƙe ta."

Leburorin da suka ga abin da ya faru duk an sallame su, sun watse. Yaya ta bi su gini-gini cikin rana, tana tsallake yashi da ƙusoshi da baƙin takalminta, tana tambayar wanda ya san wanda ya san wani. Wasu suka gudu da jin kalmar kotu. Wani ya ce yana da 'ya'ya, ta rufa masa asiri. Bayan watanni ta samu biyu da suka yarda, suka kuma tsaya a gaban alƙali suka rantse cewa igiya ko ɗaya babu a wurin, katakan da ake takawa ma ruɓaɓɓu ne.

A ranar ne Auta ya tare ta a barandar kotu. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Yaya."

Rabonta da jin wannan sunan a bakinsa har ta manta. "Lauya dai," ta ce.

"Yaya, mu sasanta. Kamfani zai biya. Ba sai an kai ga hukunci ba." Ya faɗi abin da za su bayar. Ba laifi, kuɗi ne da zai saya wa matar ɗan gida ya bar mata jari.

Doka ta wajabta mata ta kai wa mai ƙara tayin, ta kuwa kai. Ta same ta a ɗakinta guda ɗaya, tana wankau, kayan mutane jibge a gefe, mai gida ya fara yi mata maganar tashi. Yaya ta faɗi kuɗin da irin muryar da ake faɗin an ga mushen ɓera a bayan ɗaki. Idon matar ya ɗan yi haske, sannan ta dubi fuskar lauyarta, hasken ya koma.

"Ke me kika gani, lauya?"

"Shawara taki ce. Amma ni in ni ce, jinin mijina ya fi haka."

Matar ta share hannu a zani. "To a ci gaba."

Yaya ta san abin da ta yi. Ta san shari'a ba ta da tabbas, mai gaskiya yakan fita hannu wofi. Ta san yaran matar uku ta ɗora a kan teburin da ba nasu ba. Ta biya wa matar hayar ɗaki daga ɗan albashinta don ta rufe bakin zuciyarta, amma ba ta janye ba. Sai Gobe ya tambaye ta, "Wai shari'ar nan ta matar ce ko taki?" Ta ce, "Ta mu biyu ce." Ya ce Allah ya kyauta.

Aka yi ta ɗage zama har shekara ta zagayo. Sannan kamfani ya kawo babban mai ba shi shaida, mai kula da leburori, wani ƙaƙƙarfa mai son a san da shi. Auta ya bi da shi tiryan-tiryan. Ya rantse cewa da hannunsa ya miƙa wa mamacin igiya da safiyar ranar, mamacin ya jefar ya ce zafi take sa shi.

Yaya ta miƙe. Ɗaya daga cikin leburorin ya taɓa gaya mata wani abu a kan mutumin nan, ta riƙe shi shekara guda ba ta faɗa wa ko Malam ba. Ta yi masa murmushi kamar maƙwabciya.

"Na ji an ce kana da ɗa namiji, bayan 'yan mata huɗu."

Auta ya yi zumbur. "Ya mai shari'a, me ya haɗa wannan da ƙarar?"

Alƙali ya ce zai ba ta dama kaɗan, ta taƙaita.

Fuskar mutumin ta riga ta washe. "Ƙwarai kuwa. Ya fara tafiya ma."

"Allah ya raya. Ka tuna ranar da aka haife shi?"

"Yo zan manta? Ai ranar ce ma wannan tsautsayin ya faru. Farin ciki da baƙin ciki rana ɗaya."

"Haihuwar ta zo da sauƙi?"

"Ina fa sauƙi! Tun asuba muke asibiti, ni ne neman jini, ni ne sayen magani, ban ga waje ba sai bayan azahar da aka..." Ya tsaya. Bakinsa ya kasance a buɗe.

"Bayan azahar," in ji Yaya a hankali. "Mamacin kuma da hantsi ya faɗo. To a asibitin ka miƙa masa igiyar, ko shi ne ya biyo ka can?"

Gumi ya karyo wa mutumin. Ya dubi alƙali, ya dubi ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Alƙali ya tuna masa cewa a kan rantsuwa yake, kuma shaidar zur gidan yari take kai mutum. Nan take ya miƙa yatsa.

"Ni dai abin da lauya ya ce in faɗa na faɗa! Na gaya masa ba na nan, ya ce ba wanda zai tambaya!"

Alƙali ya cire tabarau ya ajiye. Yaya ta juya ta dubi ƙaninta. A tsaye yake, ba zaune ba, ba kuma miƙe sosai ba. Ta daɗe tana zana wannan lokacin a ranta, tana tsoron kada in ya zo ya zama lami. Bai zama lami ba. Daɗinsa har tafin ƙafarta.

"Ba ni da sauran tambaya, ya mai shari'a."

Hukunci ya ba matar diyyar da ta ninka tayin farko. Alƙali kuma ya tura maganar Auta gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Babban Lauya ya ce shi bai san komai ba, yaron ne ya yi gaban kansa. Kwamiti ya gayyaci Yaya ta ba da shaida.

Ana gobe za a zauna, Umma ta hawo matakalar ofishin da kanta, tana hutawa a kowane taki saboda ciwon gwiwa. Ta zauna tana haki.

"Nono ɗaya kuka sha. Kin kayar da shi, duniya ta gani. Ki ce ba ki da lafiya, kada ki je. In suka karɓe rigarsa, me zai ci?"

Yaya ta zuba mata ruwa, ta jira ta sha. "Umma, ranar da aka watsar mini da kaya a titi, kin hau matakalar ofishinsa?"

Umma ta ajiye kofin, Yaya ta ci gaba.

"Tasa ma na'ura ce ke hawa da mutum, ba sai gwiwa ta wahala ba."

Ta je. Ba ta ƙara ko kalma a kan abin da ya faru ba, ba ta kuma rage ba. Da shugaban kwamitin ya tambaye ta ko tana da wani roƙo a madadinsa, tunda an ce ɗan'uwanta ne, ta ce ita shaida aka kira ta. Aka dakatar da Auta shekara uku. Surukinsa ya sa aka cire sunansa daga jikin ƙofa, matarsa ta tafi ganin gida ba ta dawo ba, motar ma ashe ta ofis ce.

Daga nan aiki ya buɗe wa Yaya. Leburori, 'yan haya, matan da aka cinye wa haƙƙin mazajensu, duk suka riƙa tambayar ina lauyar nan mai furfura. Ta kama ofishinta, da fankar da ke tashi da kanta. Ta saya wa Malam mota, ya ce saura ta saya masa tumbin da ya zubar a hanya. Ita ke biya wa Likita komai yanzu, amma in yarinyar ta kira waya, ta babanta take kira, sai a ƙarshe ta ce a gaida Mama.

Matar maginin ta zo godiya bayan kuɗinta sun fito. Ta yi ƙiba kaɗan, ta sa yaran a makaranta. Ta yi addu'a mai tsawo, ta miƙe, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Lauya, ashe wancan ƙaninki ne? A bakin mutane na ji."

"Ƙanina ne."

"Da kin gaya mini tun farko."

"Da me zai canza?"

"Da na karɓi na farkon," matar ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Shekarar nan da muka yi jira, ni na san abin da yarana suka kwana da shi a ciki." Ta gyara mayafi. "Amma na gode. Allah ya saka."

Yaya ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce a shigo da na gaba.

Ranar hutu ta kai wa Umma maganin gwiwa. Tun zaman kwamitin, in ta shiga Umma bango take juya wa fuska, amma maganin ba ta taɓa mayar da shi ba. A tsakar gida ta tarar da Auta, don can ya koma da zama. Yana tsugune da singileti a gaban baho, yana wanke zannuwan Umma, kumfa har gwiwar hannu. Ya rame, gemu ya fito masa barkatai. Ya ga takalminta kafin ya ga fuskarta. Ya ɗago a hankali.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Yauwa."

Ta wuce shi taki biyu, ya sake magana. "Yaya, don Allah in tambaye ki. Yanzu kin huce?"

Ta tsaya. Tambaya ce ta gaskiya, don haka ta ba ta haƙƙinta. Ta leƙa cikin zuciyarta kamar mai duba tukunya a kan wuta, ta ga abin da ya ƙone da abin da ya saura.

"Saura kaɗan," ta ce.

Ta nuna masa gefen zanin da ke hannunsa inda dattin bai fita ba, ta ɗaga labule ta shiga wurin Umma.